Fanshon da Ke Ramewa Ran da Na Ƙasa Ya Iso

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Yau shirin zai kai mu Birtaniya, kuma maganar kuɗi ce, kuɗin tsufa.

Ga abin da ke faruwa a can. Mutum ya yi shekara talatin ko fiye yana aiki a banki, ko asibiti, ko masana'anta. Ya yi ritaya yana ɗan shekara 60, wurin aikinsa na biyansa fansho duk wata, ya tsara cefanensa da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki a kan wannan adadi. Yana kuma ƙirga kwanaki, don ya san da ya cika 66 za a fara ba shi fansho na biyu daga aljihun gwamnati. A lissafinsa, ɗaya zai hau kan ɗaya. Ranar ta zo, na biyun ya iso, sai ya duba asusunsa ya tarar na farkon ya ragu. Wani fam ashirin ne a wata, wani fam ɗari biyu. Ya buga waya a fusace, a ce masa: ai ba kuskure ba ne, haka yake a rubuce tun ran da aka ɗauke ka aiki.

Wataƙila wani mai sauraro ya ce, to ina ruwan Bakano ko Bazazzagi da fanshon Turawa? Akwai ruwansa. Likitocinmu da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da yawa suna can, wasu sun fara furfura a Landan da Manchesta da Bamingam, wasu sun riga sun dawo gida suna karɓar fansho daga can, iyalai da dama kuma da wannan kuɗi ake ɗora musu tukunya. In kana da yaya ko baba ko gwaggo a can, ka kasa kunne, don ƙila kai ne za ka isar masa.

Mu fara raba abu biyun, don kada su rikice mana. A wajenmu in an ce fanshon gwamnati, hankali na tafiya ne kan wanda ya yi wa gwamnati aiki. A Birtaniya akwai wani daban, wanda zan riƙa kira fanshon ƙasa. Wannan na kowa ne, direban bas da manajan banki, muddin an riƙa cire masa kuɗin inshorar ƙasa daga albashi, ko an rubuta masa shekarun saboda renon yara ko jinya. A sabon tsarin da ya fara aiki a watan Afrilun 2016, sai mutum ya tara aƙalla shekara 10 kafin ya samu ko kwabo, sai kuma shekara 35 kafin ya samu cikakke. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, cikakken ya kama fam 230.25 a mako, wato fam 11,973 a shekara. Shekarun karɓarsa sun kai 66 ga maza da mata tun Oktoban 2020, kuma doka ta tsara su hau zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Ɗaya fanshon shi ne na wurin aiki, wanda kamfani ko ma'aikata ke biya. Zancenmu na yau ya fi shafar tsohon salo na wannan, wanda ake lissafawa da albashin mutum da yawan shekarun da ya yi, ba wanda ake tara kuɗi a asusu kamar yadda muka sani a Najeriya tun dokar 2004 ba.

To, da mutum ya ga kuɗi sun ragu, kafin ya zargi kowa, ya ɗauko takardar biyan wannan wata da ta watan jiya ya jera su. Tambaya ɗaya ce: jimillar da ke sama ce ta sauka, ko kuwa tana nan yadda take, abin da aka cire ne ya ƙaru? In jimilla na nan, to ba wurin aikinsa ba ne ya taɓa shi. Haraji ne.

Wannan shi ya fi kama mutane, kuma dalilinsa mai sauƙi ne. Fanshon ƙasa ana biyan haraji a kansa, amma ma'aikatar da ke biyansa, wato DWP, ba ta cire komai, cif take turo shi. Ita kuwa hukumar haraji ta HMRC ba ta yafewa. Sai ta juya ga inda hannunta ke kaiwa, wato fanshon wurin aiki, ta sauya lambar harajin mutum, ta sa a cire harajin duka biyun daga guda ɗaya.

Bari mu buga lissafi, na misali. A Birtaniya fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a karɓar haraji a kansu, kuma wannan adadi yana tsaye tun 2021 bai motsa ba. Ɗauki wata dattijuwa da wurin aikinta ke ba ta fam 12,000 a shekara. Tana ƙasa da iyaka, ba ta biyan ko sisi, fam dubu guda cur ke shiga hannunta duk wata. Ran da fanshon ƙasa na fam 11,973 ya fara, shi kaɗai ya cinye kusan duk rangwamen, saura fam 597. Sauran fam 11,403 na fanshon aikinta yanzu za a ɗora musu haraji na kashi 20 cikin ɗari, wanda ya kama kimanin fam 2,280 a shekara. Fam 190 ke nan duk wata. Dubu gudan nan ta koma 810. Ba a zalunce ta ba ta fuskar doka, kuma in ta haɗa biyun ta fi da samu nesa ba kusa ba. Amma wanda ya gina kasafinsa a kan dubu da kuma wata dubun, ya zo ya tarar babu ɗari da casa'in, ai dole ransa ya ɓaci. Alamar ita ce lambar haraji. Yawancin mutane lambarsu 1257L ce. In ta koma ƙaramar lamba, ko ta fara da harafin K, to ga bakin zaren. A Sikotland matakan harajin sun ɗan bambanta, amma hanyar cirewar ɗaya ce. A kuma duba, don hukumar kan yi kuskure a shekarar farko, musamman in fanshon ƙasa ya fara a tsakiyar shekarar haraji. Waya ɗaya kan gyara wannan, har a mayar wa mutum rarar da aka cire.

Wannan mai sauƙin ke nan. Yanzu ga mai zafin, wato in jimillar ce da kanta ta sauka.

Asalin abin yana komawa ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1942 William Beveridge ya fitar da rahotonsa kan kare talaka daga fatara, gwamnatin Clement Attlee ta yi dokar inshorar ƙasa a 1946, tsarin ya fara aiki gadan-gadan a watan Yulin 1948, da fansho na sule 26 a mako ga mutum ɗaya. Kafin nan wasu ma'aikatu sun riga suna da nasu fanshon. Sai masu ɗaukar aiki suka ce: mu fa mun yi wa ma'aikacinmu alkawarin, a ce, kashi biyu cikin uku na albashinsa in ya tsufa. Yanzu an tilasta mana zuba kuɗi a inshorar ƙasa, ita ma za ta ba shi wani abu. Ba za mu biya sau biyu ba. Abin da ƙasa ta ba shi, za mu rage shi, ko wani ɓangarensa, daga namu. Aka rubuta wannan a ƙa'idojin tsare-tsaren fansho da yawa, kuma doka ta yarda, har gobe ma ta yarda.

Gwamnati da kanta ta yi wa ma'aikatanta haka. Malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da suka yi aiki kafin Afrilun 1980, ana rage musu fam 1.70 a shekara a kan kowace shekarar aiki ta wancan zamani. Abin dariya shi ne adadin ya daskare a farashin 1948, don haka ko wanda ya fi kowa daɗewa bai rasa fiye da kimanin fam 68 a shekara. A 1980 aka daina ɗora shi a kan sabon aiki. Tsofaffi kan ga layin a takardarsu su yi tsaki su wuce.

A kamfanoni masu zaman kansu kuwa ba abin tsaki ba ne, domin da yawa sun ɗaure ragin da fanshon ƙasa na zamanin da mutum ya bar aiki, ba na 1948 ba. Wasu tun farko suke yi, su cire wani adadi daga albashin da za a yi lissafi da shi, ta yadda mutum bai ma taɓa ganin kuɗin ba balle ya yi kewarsu. Wasu kuma sai su biya cikakke daga ranar ritaya, su jira ranar da mutum ya kai shekarun fanshon ƙasa, sannan su datse. Na biyun nan shi ke jawo kuka.

Taƙaddamar da ta fi yin ƙaurin suna ita ce ta tsofaffin ma'aikatan bankin Midland, wanda HSBC ya saye a 1992. Waɗanda suka shiga tsarin fanshon bankin daga farkon 1975 zuwa tsakiyar 1996, mutum wajen 52,000, ƙa'idarsu na ɗauke da wannan ragi, kuma yakan kai fam 2,500 a shekara. Yadda ake lissafa shi: a ɗauki tsohon fanshon ƙasa na tushe, a raba shi gida 80, a cire gida ɗaya a kan kowace shekarar aiki. Ku lura da abin da babu a cikin wannan lissafi. Babu albashi.

Nan ne gizo ke saƙa. Mu ƙaddara mutum biyu, kowanne ya yi shekara 30, kuma fanshon ƙasa na tushe lokacin da suka bar aiki fam 6,000 ne a shekara. Talatin cikin tamanin na dubu shida, fam 2,250 ke nan, kuma shi za a cire wa kowannensu. Ta farko mai karɓar kuɗi ce a kanta, fanshonta fam 9,000. An yanke mata rubu'i guda cur. Na biyu babban manaja ne, fanshonsa fam 60,000. Abin da aka cire masa bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ƙila ma sai akawunsa ya nuna masa. Ludayi ɗaya aka sa aka ɗebi miya daga ƙaramar kwalla da kuma babbar tukunyar biki. Su wa suka cika ƙananan kujerun bankuna a shekarun 1970 da 1980? Mata. Shi ya sa masu fafutuka ke cewa ragin ya fi faɗa wa mata da masu ƙaramin albashi, kuma lissafi na bayansu.

Tsofaffin ma'aikatan sun kafa ƙungiya, ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta mara musu baya, wasu 'yan majalisa irin su Clive Betts suka ɗauki maganar. Tsofaffin ma'aikatan suka kai ƙuduri gaban babban taron shekara-shekara na bankin a 2019, suka sake kaiwa a shekarun da suka biyo baya. Kowane karo masu hannun jari, da rinjaye mai yawan gaske, suka yi watsi da shi. Ba abin mamaki ba ne, manyan kamfanonin zuba jari ne ke riƙe da ƙuri'un.

Adalci ne mu faɗi hujjar bankin. Ya ce abin halal ne a doka, yana cikin ƙa'ida tun 1975, an rubuta shi a littattafan bayani da aka raba wa ma'aikata, kuma tsarin gaba ɗayansa mai tsoka ne, an daɗe ma ba a cire wa ma'aikaci komai daga albashinsa don shi. Ya kuma ce soke ragin ga wannan rukuni kaɗai zai zama rashin adalci ga sauran ma'aikatansa da ke wasu tsare-tsaren da ba su kai wannan ba. Waɗannan ba maganganun banza ba ne. Amma ni a ganina akwai inda hujjar ta gaza. Ba a tambayar ko an rubuta. Ana tambayar ko an fahimtar. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da aka miƙa wa littafi ran da ta fara aiki, ba za ta tuna sakin layi na shafi na kaza ba bayan shekara arba'in da tara. Sannan sunan da aka laƙa wa ragin a takardu yana nuna kamar gwamnati ce ke cirewa, har wasu suka ɗauka kuɗin baitulmali suke tafiya, alhali kuwa suna zama ne a asusun fanshon bankin. In da gaske ana so mutum ya sani, duk shekara a rubuta masa lamba biyu da manyan baƙaƙe: ga abin da za ka karɓa kafin ranar kaza, ga abin da za ka karɓa bayanta. Wannan bai fi ƙarfin kowane banki ba.

Wani abu kuma da ya shafi mutanenmu kai tsaye: a irin wannan lissafi, ba a duba nawa mutum ke karɓa a zahiri daga ƙasa. Ƙa'ida ce kawai ake bi. Wanda ya shiga Birtaniya da girmansa, shekarun inshorarsa ba su cika ba, ko matar da ta yi shekaru a gida, za a iya cire musu cikakken ragi alhali fanshon ƙasar da suke samu guntu ne. Haka wanda ya jinkirta karɓa, ko ya manta bai nema ba, domin fanshon ƙasa ba ya zuwa da kansa, sai an cike takarda an nema. Galibi ragin ba ya jiran ka. Ranar da ƙa'ida ta ambata, ranar yake sauka.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan dalilan da ke sa fanshon wurin aiki ya ragu a Birtaniya da zarar mutum ya kai shekarun fanshon ƙasa.

Akwai wani nau'in da mutum da hannunsa yake sa hannu a kai, sannan ya manta. Ana ce masa fanshon gada, don an yi shi ne ya ƙetarar da mutum daga ranar ritaya zuwa ranar fanshon ƙasa. Wanda zai bar aiki yana 60, sai a ce masa: kana so mu ƙara maka wani abu yanzu, in na ƙasa ya iso mu rage, yadda samunka zai tafi bai ɗaya? A lokacin tayin na da daɗi, ga bashin gida bai ƙare ba, ga yara a jami'a. A wasu wuraren ƙari ne na wucin gadi da kamfani ke bayarwa, ya tsaya in wa'adinsa ya cika. A wasu kuwa musaya ce, kuɗin gobenka aka ba ka yau, kuma ragin da zai biyo baya na har abada ne, ko da mutum ya kai shekara casa'in ya biya abin da ya ci ninki biyu. Shekara shida ko bakwai sun isa mutum ya saba da adadi har ya ɗauka nasa ne na dindindin.

Sai gwamnati ta zo ta matsar da ƙarshen gadar. Shekaru da dama mata na karɓar fanshon ƙasa a 60, maza a 65. Dokar 1995 ta tsara daidaita su, dokar 2011 ta gaggauta, matan suka kai 65 a Nuwamban 2018, kowa ya kai 66 bayan shekara biyu. To, wasu ƙa'idojin kamfanoni ba su ce “shekarun fanshon ƙasa” ba, lamba suka rubuta, 60 ko 65. Ka ga wanda takardarsa ta ce 65, an datse masa a 65, na ƙasa kuma sai 66. Shekara guda ke nan a tsakiyar ruwa. Wasu tsare-tsaren sun gyara ƙa'ida sun tsawaita, wasu ba su yi ba. Da hawan da ake yi zuwa 67, wannan rami zai sake buɗe wa wasu, musamman waɗanda aka haifa daga Afrilun 1960 zuwa gaba.

Saura guda, shi kuma ba ya ihu, a hankali yake ci. Daga Afrilun 1978 zuwa Afrilun 1997, an ba kamfanoni dama su fitar da ma'aikatansu daga ƙarin fanshon ƙasa da ake kira SERPS. Kamfani da ma'aikaci su biya inshora mai rahusa, shi kuma kamfani ya lamunce zai biya wani mafi ƙarancin adadi a madadinsa. Wannan lamuni shi ne GMP, za ku ga haruffan nan uku a takardu. Da mace ta kai 60, namiji 65, sai a raba fanshonsa na aiki gida-gida. Ɓangaren GMP da aka tara kafin Afrilun 1988, doka ba ta tilasta wa kamfani ya ƙara masa komai ba saboda tsadar rayuwa. Wanda aka tara daga 1988 zuwa 1997, ƙarinsa ba ya wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara. A da, gwamnati ce ke cike giɓin ta cikin fanshon ƙasa. Da sabon tsari ya zo a 2016, aka daina yi wa duk wanda ya kai shekarun daga 6 ga Afrilun wannan shekara. Ma'aikatan gwamnati an rufa musu asiri, tsare-tsarensu na biyan cikakken ƙarin. Na kamfanoni kuwa, da yawa sai dai su ga fanshonsu ya daina tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashin kaya. A nan adadin bai sauka ba, amma a shekarar 2022, da hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 11 cikin ɗari, kuɗin da ya tsaya cik ai ya sauka, ko takarda ba ta faɗa ba. Waɗannan shekaru na rahusar inshora su ne kuma ke sa wasu su ga fanshonsu na ƙasa bai kai cikakke ba duk da sun haura shekara 35 suna aiki.

To me mutum zai yi? Wanda bai kai shekarun ba tukuna, shi ne mai sa'a. Ya rubuta wa masu kula da fanshonsa wasiƙa, ba waya ba, don magana ta baki ba ta da shaida. Ya tambaye su kai tsaye: shin akwai wani abu da zai sauya a kuɗina idan na kai 60, ko 65, ko shekarun fanshon ƙasa? Nawa ne, a wace rana, kuma wace ƙa'ida ce ta ce haka? Yana da haƙƙin neman kwafin ƙa'idojin tsarin, ba alfarma za a yi masa ba. Ya kuma shiga shafin gwamnati na intanet ya duba hasashen fanshonsa na ƙasa da ranar da zai fara. In ya haɗa amsoshin biyu ya cire haraji, adadin da ya rage shi ne na gaskiya, shi zai gina rayuwa a kai. Wanda ake yi wa tayin fanshon gada kuwa, kada ya sa hannu sai ya ga lambar bayan gadar, ya kuma tambaya ko ragin zai taɓa abin da za a bar wa matarsa in ya riga ta. Akwai hukumar MoneyHelper da ke ba da shawara kyauta.

Wanda aka riga aka datse wa, ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla. Ana samun kuskure, a shekarun aiki, a ranar haihuwa, a adadin da aka yi amfani da shi. In bai gamsu ba, kowane tsarin fansho dole ne ya kasance da hanyar sauraron ƙorafi ta cikin gida. In nan ma ba a dace ba, sai ofishin Ombudusman na fansho, wato mai binciken ƙorafe-ƙorafe, kyauta ne, amma a kula, a bisa al'ada shekara uku ake ba mutum daga lokacin da ya san da matsalar. Ba zan yaudare ku ba: in ragin na cikin ƙa'ida, da wuya a soke shi. Ombudusman ba ya sake rubuta ƙa'ida don ta yi tsauri. Inda ake samun nasara shi ne in mutum ya nuna an ba shi bayanin da ba daidai ba, kuma ya dogara da shi ya yanke shawarar da ta jawo masa asara, kamar barin aiki da wuri. Ko a nan, sau da yawa diyyar ɓacin rai ake bayarwa, ba a dawo da kuɗin duka. Saboda haka tsofaffin wasiƙun nan da hajiya ke cewa a ƙone sun cika durowa, a bar su. Wanda kuma samunsa ya yi ƙasa sosai, ya bincika ko ya cancanci tallafin Pension Credit, don mutane da yawa da suka cancanta ba sa nema.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga saƙo na musamman ga masu niyyar dawowa gida. Birtaniya na biyan fanshon ƙasa a ko'ina mutum yake a duniya, amma ƙarin da ake yi duk watan Afrilu ba kowa ke samu ba. Mazauna Tarayyar Turai da Amurka da Jamaika da Filifin suna samu, saboda akwai yarjejeniya. Mazauna Najeriya da Ghana ba sa samu, haka ma na Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Adadin da aka fara biyanka, ko wanda kake kai ran da ka tattara ka bar ƙasar, a nan zai daskare. In ka koma ziyara ka sanar da su, za a biya ka sabon farashi na kwanakin da ka yi, ka dawo a mayar da kai inda kake. Alhajin da ya gina gidansa a Kaduna yana lissafin fansho biyu, ya sani fanshon aikinsa za a iya datse shi da hujjar cewa na ƙasa ya iso, shi kuma na ƙasar ba zai ƙara ko fam ɗaya ba muddin yana zaune a gida. Faɗuwar naira takan ɓoye wannan na ɗan lokaci, don fam ɗin na ƙara auki in an canza shi. Amma a yi lissafin da fam, a kuma yi shi kafin a sayi tikiti.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, amma don Allah kada a turo mana lambar inshora ko ta asusun banki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)